Ire-iren karnuka: asalinsu da sadarwarsu da ɗan Adam

Kare dabba ce mai shayarwa daga dangin masu cin nama, kuma shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya fara kiwo, tun kafin a san noma. Sunansa na kimiyya Canis familiaris. Ana kiran macen karya, ɗansu kwikwiyo, jam'i kuma karnuka ko karnai. An ƙiyasta cewa akwai karnuka tsakanin miliyan 700 zuwa biliyan 1 a duniya. Duk da bambancin girma da siffa da ke tsakaninsu, dukkansu jinsi ɗaya ne, kuma daga kerkeci suka samo asali. Yawancin ire-iren da aka sani da suna a yau ba su kai shekara 200 da fitowa ba. Tsawon zaman da kare ya yi da mutane ya sa ya fi kowace dabba iya karantar nuni da kallo da muryar mutum. Shi ma yana da nasa alamomin, waɗanda rashin gane su kan jawo cizo, musamman ga yara.

Jinsi da iri

A wannan maƙala, jinsi yana nufin dabbobin da za su iya barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Iri kuwa rukuni ne a cikin jinsi, wanda mutane suka tace ta hanyar zaɓen iyayen da za a haɗa, har ya zama 'ya'yan suna fitowa da kamanni ɗaya. Chihuahua, wanda sau da yawa bai wuce kilo 3 ba, da Mastiff na Ingila, wanda kan haura kilo 70, iri biyu ne a jinsi ɗaya.

Kalmar kerkeci tana buƙatar bayani. A Hausa ana kiran karen dawa na Afirka mai dabbare-dabbare da wannan suna, ana kuma kiran kerkeci mai ruwan toka na Turai da Asiya da shi. Dabbobi biyu ne daban. Kakan kare shi ne na biyun, mai suna Canis lupus. Kare bai fito daga karen dawa na Afirka ba, bai kuma fito daga dila ko kura ba.

Asali daga kerkeci

Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa kare ya fito ne daga wata zuriyar kerkeci ta zamanin ƙanƙara wadda ta ƙare, saboda haka kerkecin yau ɗan'uwan kare ne, ba kakansa kai tsaye ba. Masana da dama suna sanya rabuwar zuriyoyin biyu tsakanin shekara 20,000 zuwa 40,000 da suka wuce.

Kabarin da aka fi kafa hujja da shi yana Oberkassel, kusa da birnin Bonn a Jamus. Masu fasa dutse ne suka tono shi a 1914, inda aka sami ƙasusuwan namiji da mace da na kare, masu kimanin shekara 14,200. Nazarin da aka sake yi wa haƙoran karen a 2018 ya nuna cewa ya mutu yana da wata bakwai, bayan ya sha fama da cutar distempa na makonni. Kwikwiyo mai irin wannan ciwo ba zai daɗe haka ba sai da jinya, alhali ba shi da wani amfani a farauta. A Ain Mallaha da ke arewacin Isra'ila ta yau an sami wani kabari mai kimanin shekara 12,000, an binne wani tsoho ko tsohuwa da hannu a kan kwikwiyo. Tumaki da awaki sun zo daga baya, wajen shekara 10,000 zuwa 11,000 da suka wuce.

Wani nazari da Anders Bergström da abokan aikinsa suka buga a 2020 ya gano cewa tun shekara 11,000 da suka wuce karnuka sun riga sun rabu zuwa aƙalla zuriya biyar. A 2022 suka ƙara nuna cewa karnuka sun fi kusa da tsofaffin kerketai na gabashin Asiya da Siberiya, amma karnukan Gabas ta Tsakiya da na Afirka suna ɗauke da ƙarin jini daga wasu kerketai na yamma.

Yadda sabon ya faru

Akwai manyan ra'ayoyi biyu. Na farko ya ce maharba ne suka riƙa ɗauko 'ya'yan kerkeci suna renonsu, suna riƙe masu sauƙin hali. Na biyu ya ce kerketai marasa tsoron mutum ne suka riƙa raɓar zangon maharba don cin ragowar nama, har zuriyarsu ta saba. A duka biyun, abin da aka fara tacewa shi ne hali, siffa ta biyo baya.

Gwajin da Dmitri Belyaev ya fara a 1959 a Novosibirsk, ƙasar Rasha, wanda Lyudmila Trut ta ci gaba da shi, ya ƙarfafa wannan fahimta. Sun riƙa zaɓen yanyawar ƙasashen sanyi mafi sauƙin hali suna haɗa su. Bayan zuriyoyi kaɗan aka sami masu kaɗa jela da neman a shafa su, daga baya wasu suka fito da lanƙwasasshen kunne da farin tabo a goshi.

Zuwan noma ma ya bar alamarsa. A 2013 Erik Axelsson da abokansa a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun nuna cewa yawancin karnuka suna da kwafi da yawa na ƙwayar gado mai suna AMY2B, wadda ke taimakawa wajen narkar da sitaci, alhali kerkeci yakan kasance da biyu kacal. Wannan ne ya sa kare yake iya rayuwa da abinci mai hatsi a ciki, ko da yake har yanzu yana buƙatar nama ko makamancinsa.

Karnukan zamanin da

Tun kafin a san rajistar iri, mutane sun raba karnuka bisa aiki. A tsibirin Zhokhov na Siberiya an sami ƙasusuwan karnuka tare da guntayen keken jan kaya a kan ƙanƙara, masu kimanin shekara 9,500. A Shuwaymis da Jubbah na Saudiyya akwai zanen duwatsu mai shekara 8,000 ko fiye, da ke nuna maharba da karnukansu, wasu ɗaure da igiya. Misrawan da sun zana siraran karnukan farauta masu miƙaƙƙun kunnuwa da naɗaɗɗiyar jela. Wani rubutu da aka tono a Giza a 1935 ya ba da labarin kare mai suna Abuwtiyuw, mai gadin sarki, wanda sarki ya sa aka yi masa akwati da likafani da turare, fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Marubucin Rumawa Columella ya bambanta karen gadin gida da na kiwo da na farauta. A 1570 likita John Caius ya rubuta littafi da Latin a kan karnukan Ingila, shi ma bisa aikinsu ya jera su.

A duk waɗannan zamunna ba a damu da tsarkin jini ba. Karen da ya iya aikinsa shi ake haɗawa, ko wace kama gare shi.

Fitowar ire-iren zamani

Iri a ma'anarsa ta yau ya fito ne daga Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya. An yi baje kolin karnuka na farko a Newcastle a 1859, da karnukan farautar tsuntsaye 60. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club a Landan, wadda ta fara ajiye littafin nasaba. Ta Amurka ta biyo baya a 1884, baje kolin Crufts ya fara a 1891, sannan a 1911 aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta FCI, mai hedikwata a Thuin, ƙasar Beljiyam, wadda a yau ta amince da iri fiye da 350 a rukuni goma.

Tsarin ya tsaya a kan abu biyu: rubutaccen bayanin yadda kowane iri zai kasance, daga tsayi zuwa launi, da rufe littafin nasaba, ta yadda ba za a yi wa kare rajista ba sai iyayensa duka biyu suna ciki. Daga nan kama ta fara rinjayar aiki. Tarihin wasu sanannun ire-ire ya nuna yadda abin yake kusa:

Karen makiyayan Jamus, wanda a Najeriya aka fi sani da Alsatian. Wani hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, ya sayi kare a 1899 ya sa masa suna Horand von Grafrath, shi ne na farko a littafin nasabar irin.

Dobermann. Ya ɗauki sunan Karl Friedrich Louis Dobermann, mai karɓar haraji a garin Apolda na Jamus, wanda ya nemi karen da zai tsare shi a yawon aikinsa, a ƙarshen ƙarni na 19.

Golden Retriever. Ya fito daga haɗin da Dudley Marjoribanks ya yi a gandunsa na Guisachan da ke Sikotilan a 1868.

Labrador. Kakanninsa karnukan masunta ne na tsibirin Newfoundland a Kanada, aka kai su Ingila aka tace su don ɗauko tsuntsun da aka harbo.

Pekingese. Karen fadar sarakunan Sin ne. Ya isa Ingila bayan sojojin Ingila da Faransa sun wawashe fadar bazara ta Beijin a 1860.

Abin da ƙwayoyin gado suka nuna

An kammala karanta cikakken tsarin gadon kare a 2005, daga jinin wata karya irin Boxer mai suna Tasha. Daga nan aka gane cewa ƙwayoyin gado 'yan kaɗan ne ke riƙe da manyan bambance-bambancen siffa. Wani sauyi kusa da ƙwayar IGF1 yana da babban hannu a ƙanƙantar jiki, wani ƙarin kwafi na FGF4 kuma shi ke ba Dachshund da Corgi gajerun ƙafafu. A 2017 Heidi Parker da Elaine Ostrander sun nazarci iri 161, suka raba su gida 23 bisa dangantaka.

Hali kuwa ba ya bin iri kamar yadda ake zato. Wani nazari na 2022, wanda ya tattara bayanan karnuka fiye da 18,000 daga masu su, ya kuma karanta tsarin gadon fiye da 2,000, ya gano cewa iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Wasu ɗabi'u, kamar saurin karɓar umarni, sun fi yawa a wasu ire-iren, amma sunan iri kaɗai ba ya nuna ko kare zai yi faɗa. Reno da horo da yanayin zama suna da nasu kaso mai girma.

Karnukan Afirka

Kare ya shigo Afirka daga Gabas ta Tsakiya ta hanyar Masar, ya bazu tare da makiyaya da maharba. Mafi yawan karnukan nahiyar, kamar mafi yawan na duniya, ba su cikin kowane iri mai rajista. Su ne karnukan ƙauye da na unguwa: matsakaita, masu gajeren gashi, galibi ja ko ruwan ƙasa. Ana yawan ɗaukar su a matsayin gaurayen ire-iren Turai, amma nazarin da Adam Boyko ya jagoranta a 2009 a kan karnukan Masar da Yuganda da Namibiya ya nuna cewa yawancinsu tsohuwar zuriya ce mai zaman kanta. Wani nazari na 2018 a kan karnukan gida na Najeriya ya sami alamun juriya ga ƙwayoyin cututtukan ƙasashe masu zafi a tsarin gadonsu.

Daga cikin ire-iren Afirka da suka sami rajista akwai Azawakh, dogon siririn karen Abzinawa da maƙwabtansu a Nijar da Mali da Burkina Faso, mai sunan kwarin Azawak. Yana gadin zango, yana farautar barewa da zomo. An kai shi Turai a shekarun 1970, ƙungiyar Amurka kuma ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Akwai Basenji na dazukan Kwango, wanda ba ya haushi irin na sauran karnuka sai wani kuka mai kama da guɗa, karyarsa kuma sau ɗaya take neman barbara a shekara, kamar kerkeci. Akwai Sloughi na Arewacin Afirka, da Rhodesian Ridgeback da Boerboel na kudancin nahiyar.

Illar tace iri

Rufe littafin nasaba yana nufin haɗa dangi na kusa, wanda ke tara cututtukan gado. Bulldog da Pug suna fama da wahalar numfashi saboda gajeren hanci, kuma yawancin 'ya'yan Bulldog na Ingila ta hanyar tiyata ake ciro su. Kurumta ta yi yawa a Dalmatian, ciwon ƙugu a karen makiyayan Jamus, ciwon zuciya a Cavalier King Charles. Shirin talabijin na BBC na 2008 a kan wannan matsala ya sa Kennel Club ta sake duba ƙa'idojinta. A 2023 kotun ƙoli ta Norwe ta tabbatar da haramcin kiwon Cavalier don hayayyafa.

Yanayi ma abin lura ne. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi. Saboda haka ire-iren ƙasashen sanyi irin su Husky, da masu gajeren hanci, suna cikin haɗarin bugun zafi a wurare irin su Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara kan wuce digiri 40.

Yadda kare yake isar da saƙo

Hanci. Kare yana da ƙwayoyin jin wari miliyan 200 zuwa 300, mutum kuwa kusan miliyan 6. Fitsarin da yake ɗigawa a gindin bishiya ko bango saƙo ne ga sauran karnuka, yana nuna ko namiji ne ko mace, da kuma ko karya tana lokacin barbara. Shinshinar bayan juna da karnuka ke yi hanyar sanin juna ce.

Jiki. Kaɗa jela ba kullum yake nufin murna ba, yana nuna cewa karen ya motsu ne kawai. Jela sake tana lilo da faɗi, har ƙugu yana bin ta, alamar maraba ce. Jela a sama a sandare tana ɗan rawa da sauri gargaɗi ce. Jela a cuse tsakanin ƙafafu tsoro ne. A 2007 Giorgio Vallortigara da abokansa a Italiya sun gano cewa kare yakan fi karkata jelarsa zuwa damarsa in ya ga mai shi, zuwa hagunsa kuma in ya ga baƙon kare mai ban tsoro. In kare ya kwantar da ƙirji ya bar ƙugu a sama, gayyatar wasa yake yi. Alamomin damuwa sun haɗa da hamma ba tare da barci ba, lasar baki ba tare da abinci ba, kau da kai, mayar da kunnuwa baya, da fitowar farin ido. Mafi haɗari ita ce sandarewa: kare ya tsaya cik, baki a rufe, ido a kafe.

Murya. Kerkeci ba kasafai yake haushi ba, kare kuwa yana yi a yanayi iri-iri. Péter Pongrácz a Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budafes, ƙasar Hungari, ya nuna a 2005 cewa mutane, har da waɗanda ba su taɓa kiwon kare ba, suna iya bambanta haushin kare a kan baƙo da na karen da aka bari shi kaɗai. Kakkaurar murya a jere da sauri tana nuna barazana, siririya mai tazara tana nuna tsoro ko kaɗaici. Gurnani ma kala-kala ne: a wani gwaji na 2010 karnuka sun fi janyewa daga ƙashi in aka kunna musu gurnanin tsaron abinci, fiye da in aka kunna na wasa.

Yadda kare yake fahimtar mutum

A 2002 Brian Hare da abokansa sun nuna cewa in aka ɓoye abinci a ɗaya daga cikin mazubi biyu, mutum ya nuna da yatsa, kare yakan bi nunin fiye da yadda kerkeci ko birin cimpanzi ke yi. A 2021 Emily Bray ta gwada kwikwiyoyi 375 'yan mako takwas, ta tarar suna bin nuni tun gwajin farko, abin da ke nuna cewa akwai gado a ciki. Ádám Miklósi ya nuna a 2003 cewa in aka ba kare aikin da ya gagare shi, yakan waiwayo ya dubi mutum, kerkecin da aka rena a hannu kuwa galibi ba ya yin haka.

Kallo yana da tasiri a jiki. Masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan sun gano a 2015 cewa doguwar haɗa ido tsakanin kare da mai shi tana ƙara sinadarin okzitosin a jikin su biyun, sinadarin da ke da hannu a shaƙuwar uwa da jariri. A 2019 Juliane Kaminski ta nuna cewa kare yana da wata tsoka mai ɗaga girar ciki, wadda da kyar ake samunta a kerkeci. Haɗa ido da baƙon kare kuwa wani abu ne daban, don yana iya ɗaukarsa a matsayin tsokana.

Game da kalmomi, wani kare irin Border Collie mai suna Rico a Jamus ya san sunayen abubuwa kusan 200, kamar yadda aka buga a 2004. In aka ambaci sunan da bai sani ba, yakan ɗauko sabon abin da ke cikin tarin. Wata karya mai suna Chaser, wadda John Pilley na Kwalejin Wofford a Amurka ya horar, ta san sunaye 1,022. Irin waɗannan karnuka ba su da yawa. A 2016 Attila Andics ya horar da karnuka 13 su kwanta a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ya gano cewa ƙwaƙwalwarsu tana sarrafa kalma daban, karin murya daban, kuma sashen jin daɗi ya fi motsawa in kalmar yabo ta zo da muryar yabo. A 2022 Laura Cuaya ta nuna cewa ƙwaƙwalwar kare tana bambanta harshen da ya saba ji da baƙon harshe, inda aka gwada da Sifaniyanci da harshen Hungari.

Mutane ma suna yi wa kare gurguwar fassara. Sunkuyar da kai da yake yi bayan ɓarna ana ɗauka nadama ce. Alexandra Horowitz ta gwada wannan a 2009: karnukan da aka yi wa faɗa sun yi wannan fuska ko sun ci abincin da aka hana su ko ba su ci ba. Martani ne ga fushin mai shi.

Shin kare yana da harshe?

A ilimin kimiyyar harshe ana bambanta sadarwa da harshe. A 1960 Charles Hockett ya jera siffofin harshen ɗan Adam. Daga ciki akwai iya magana a kan abin da ba ya nan, kamar jiya ko gobe. Akwai ƙirƙirar jimloli marasa iyaka daga kalmomi ƙididdigaggu. Akwai kuma haɗa sautuka marasa ma'ana su ba da kalma mai ma'ana, kamar yadda sauya k da ƙ ke raba "kare" da "ƙare". Alamomin kare ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Yana danganta sauti da abu ko aiki, amma babu hujjar cewa yana gina jimla.

Tun 2019, bayan da Christina Hunger ta fara nuna karyarta Stella, maɓallan da kare ke takawa su furta kalma sun bazu a intanet. Nazarin da Federico Rossano ya jagoranta a 2024 ya nuna cewa karnukan da suka saba da maɓallan suna amsa kalmomin wasa da fita waje yadda ya dace, ko wa ya danna. Wannan fahimta ce, ba hira ba. Masana suna tunatarwa da labarin dokin Balin mai suna Hans, wanda aka ce ya iya lissafi, sai Oskar Pfungst ya gano a 1907 cewa ƙananan motsin jikin mai tambaya yake karantawa.

Horo

Makonni 3 zuwa 12 na farkon rayuwa su ne lokacin da kwikwiyo ke sabawa da mutane da dabbobi da ƙarar abubuwa, kamar yadda John Paul Scott da John Fuller suka nuna a 1965. Wanda ya girma a kulle ba ya ganin kowa yakan tashi da tsoro, tsoro kuwa yana cikin manyan dalilan cizo.

Masu horarwa suna ba da shawarar kalma gajera guda ɗaya ga kowane aiki, kamar "zo" ko "zauna" ko "bari", kowa a gidan ya yi amfani da ita, tare da alamar hannu, sannan a ba da lada nan take. Harshen ba shi da muhimmanci: kare yana koyon umarni da Hausa kamar yadda yake koya da Turanci ko Jamusanci. Hukunci bayan lokaci ya wuce ba ya koyar da komai, domin kare ba ya haɗa shi da laifin.

Ra'ayin cewa dole mai kare ya murƙushe shi ya zama shugaban garke ya samo asali ne daga nazarin Rudolph Schenkel na 1947 a kan kerketan da aka tara a gidan namun daji. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, ya nuna a 1999 cewa garken kerkeci a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya. Wani nazari na 2020 a Fotugal ya sami ƙarin alamun damuwa a karnukan da aka horar da tsawa da fizgar igiya, idan aka kwatanta da waɗanda aka horar da lada. Dukan kare saboda gurnani yana da haɗari na musamman, domin yana iya daina gargaɗin ya wuce kai tsaye zuwa cizo.

Cizo da cutar haukan kare

Yara sun fi fuskantar cizo, sau da yawa daga karen da suka sani, kuma ƙananansu a fuska ko kai ake cizonsu. Ana koya musu kada su taɓa kare yana ci ko yana barci ko karya tana shayarwa, kada su jefe shi, kada su ruga a guje in ya tunkaro su, su tsaya cik su kau da ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tsira. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya je asibiti a ranar don allurar rigakafi, ko da raunin ƙarami ne. Kare mai cutar ba kullum yake faɗa ba, wani yakan yi laushi ne, baki a sake yana dalalar da miyau. Yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwar cutar. A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa allurar karnuka. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya.

Kare a ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa an fi ajiye kare don farauta da gadi da rakiyar dabbobi, ba don zama cikin ɗaki ba. Mafarauta sukan fita da karnukansu a lokacin rani bayan an kawar da amfanin gona. A Musulunci, Alƙur'ani ya halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, ya kuma ambaci karen Ashabul Kahfi. Malamai sun yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a Afirka ta Yamma, kare mai rai ba najasa ba ne, saɓanin Shafi'iyya da Hanbaliyya.

Harshen Hausa ya adana lura da halin kare a karin magana, kamar "in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi" da "karen bana shi ke maganin zomon bana". Ana kuma cewa wani yana cin karensa ba babbaka in yana yin abin da ya ga dama babu mai hana shi, ana kiran yaron direba karen mota, ana kiran wanda ake turawa ya muzguna wa wasu karen farauta. A birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, kiwon ire-iren waje kamar Alsatian da Rottweiler da Boerboel don gadin gida ya zama sananne, 'yan sanda da hukumar NDLEA kuma suna amfani da karnuka masu horo wajen shinshino bama-bamai da miyagun ƙwayoyi.